Wa Ya Ga Baffa Da Ido?

Ubangiji ne ya ara mana shi, a daminar da ta wuce kuma ya karɓi abinsa. Baffa, wan mahaifina, dattijon ikilisiyarmu ta Daura, ya huta. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don kaina ya ɗaure tun ranar jana'iza, har yau bai warware ba.

Da na iso daga Kano, inda nake koyarwa, na tarar ƙofar gida ta cika. Maƙwabta Musulmi sun baza tabarmi a inuwar darbejiya suna karɓar gaisuwa kamar mamacin nasu ne. A cikin gida matan zumunta na coci suna waƙa a hankali. Abin da na lura shi ne, maƙwabta jimami kawai suke yi, mu 'yan coci kuwa mamakinmu ya fi kukanmu yawa. Duk wanda ya shigo, da ya gama cewa Allah ya ba mu haƙuri, sai ya rage murya ya ce, "Wai yaushe ya kwanta?"

Wata daga cikin mawaƙa ta riƙe hannuna tana hawaye. Ta ce, "Ni fa ko ranar Lahadin nan na gan shi."

Inna, matar Baffa, tana gefe ta jingina da bango. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "A ina kika gan shi, 'yata?"

"A waya, Inna. Sunansa ya fito."

Ita ma matar ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta saki hannuna ta koma cikin masu waƙa.

Wayar nan ni na saya masa. Shi ya sa tambaya ɗaya ta hana ni sakat: wayar ta haɗa shi da mu ne, ko ita ta ɓoye mana shi har ya tafi? Ba zan iya amsawa ba sai na fara faɗin wane ne Baffa, da kuma bencin da yake zama.

Cocinmu ƙarami ne, a gefen gari. Akwai Hausawa irinmu, waɗanda kakanninmu suka karɓi bangaskiya a ƙauyukan wajen Baure. Akwai malaman makaranta, da 'yan sandan da aiki ya kawo, da masu shagunan kayan babur daga kudu. Ba wanda ya rubuta suna a benci, amma kowa ya san wurinsa, in ka kuskura ka zauna a na wani za ka sha harara har a gama sujada. Dattawa suna zama a gaba kusa da bagadi. Baffa ya ƙi. An yi juyin duniya da shi, ya ce shi bencin ƙarshe na bakin ƙofa ya ishe shi. "In na zauna a gaba Fasto kaɗai zan gani," in ji shi, "shi kuwa na san ya zo."

Tsohon ma'aikacin duba-gari ne, kuma ritaya ba ta raba shi da leƙe-leƙe ba. Ko ana addu'a ido ɗaya yake rufewa. Ina ƙarama na taɓa kama shi, don ni ma nawa a buɗe suke, sai ya ɗora yatsa a baki ya ci gaba da abinsa. Ba mutanen da suka zo yake kallo ba, giɓi yake nema. Da an tashi zai tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu ya ce, "Mai shagon taya bai zo ba. Wa ya gan shi da ido?" In wani ya ce ya ji an ce ya yi tafiya, Baffa zai ce, "Ban tambayi kunnenka ba." In ba a samu wanda ya gani da ido ba, to magana ta ƙare, sai ya buga babur.

Wannan zagayen na Lahadi shi ne faɗansu na kullum da Inna. Za ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, shi kuwa ba zai waiwayi gida ba sai la'asar sakaliya. Na sha jin tana cewa, "Kai kaɗai aka ɗora wa mutanen Daura?" Shi kuma ya ce, "Rufe min a kwano, ai ba gudu zai yi ba." Haka suka tsufa, ita tana mita tana rufewa, shi yana cin tuwo da sanyi yana yaba miya.

Ba zan ce kowa na son zagayen ba. Baffa yana da naci, kuma ba ya jin kunyar tambaya. Akwai waɗanda in sun ji ƙarar babur ɗinsa a lungu sukan ce wa yara a ce ba sa nan. Zai zauna a ƙofar gida ya ce ba komai, zai jira su dawo, har mutum ya gaji da zaman ɗaka ya fito yana susar ƙeya. Ya taɓa shiga faɗan wani miji da mata ba a gayyace shi ba, suka haɗu suka juyo kansa, ya dawo gida yana murna wai ko ba komai ya haɗa kansu.

Amma akwai wani malamin makaranta, baƙo, da bai daɗe da zuwa garin ba. Wata Lahadi wurinsa ya zama wayam, kowa ya ce ƙila ya tafi ganin gida. Baffa ya bi shi har ɗakin da yake haya, ya tarar zazzaɓi ya kwantar da shi, ko tashi ya buɗe ƙofa ba ya iyawa. Mai gidan, wani malami mai tsangaya, shi ya taimaka aka ɓalle ƙofar. Da suka ga ba zai iya zama a babur ba, mai gidan ya warware rawaninsa aka ɗaure mara lafiyar a bayan Baffa, haka suka ratsa kasuwa zuwa asibiti. Malamin makarantar ya zo jana'iza da iyalinsa. Ya tsuguna a gaban Inna.

Sai shekarar da annoba ta sa aka rufe wuraren ibada. Matasan coci suka yi dabara. Suka buɗe mana zaure a waya, wanda ake kira guruf, inda ake sanarwa da roƙon addu'a. Ranar Lahadi kuma sai a kafa waya a gaban bagadi, duk inda kake kana jin wa'azi da waƙa kai tsaye, sunayen waɗanda suka shiga suna jeruwa a gefe. Gaskiya abin ya riƙe mu a lokacin. Da aka buɗe coci ba a daina ba, don mutane sun ji daɗinsa. Ni kaina daga Kano nake bin sujadar gida, ina yanka alayyahu ina cewa amin. A nan ne na saya wa Baffa babbar waya, don kada a bar shi a baya.

Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Uwata, kin ɗora min aiki." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana haka. Aikin kuwa ya ɗauke shi da gaske. Shi a wurinsa zaure zaure ne, ba a shiga sai da sallama. Zai danna ya yi sallama, ya yi shiru yana jiran a amsa, sannan ya fara gaida mutane gida-gida, da 'ya'yansu da awakinsu. Saƙon muryarsa ɗaya kan cinye datar mutum. Rannan ya danna wani wuri ya fice daga zauren bai sani ba. Da aka mayar da shi, abin da ya dame shi kawai shi ne ya fita bai yi wa kowa sai an jima ba.

Inda abin ya rikice masa shi ne coci. Benci ya fara yin giɓi ko'ina, kuma giɓin ya daina nufin abin da ya saba nufi. Zai tsaya a bakin ƙofa ya ce wance ba ta zo ba, wa ya gan ta da ido, sai a ce, "Baba, tana kan layi." Har suka yi sa-in-sa da Fasto a kan haka. Fasto mutumin kirki ne, yana tausayin tsufan Baffa da tsadar mai da lalacewar hanya. Ya miƙa masa waya ya ce, "Baba, duba nan. Ga sunanta, tana tare da mu."

Baffa ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya ƙura ido. Ya ce, "Sunanta na gani, Fasto. Ita fa?"

"Ai ita ce ta danna, Baba."

"To. A zaune ta danna ko a kwance?"

Aka yi dariya. Fasto ya ce tsoro ba zai hana ikilisiya amfani da abin da Allah ya kawo ba. Baffa ya ce shi ba tsoro yake ji ba, ganewa ce bai yi ba. Ya sa hularsa ya fita, ranar ko gaisawa ba su yi ba.

Kada a ɗauka shi ke da gaskiya a komai. Akwai wata 'yar cocinmu da aure ya kai can cikin Nijar, garin da babu coci ko ɗaya. Ta turo saƙon murya tana kuka, ta ce rabonta da jin waƙar sujada da Hausa har ta manta, yanzu kowace Lahadi ji take kamar tana zaune kusa da mahaifiyarta. Baffa ya saurari saƙon ya sake saurara. Sannan ya ce, "Wannan kam babur ɗina ba zai kai ba." Washegari ya je gidan Fasto da kansa ya faɗa masa haka.

Abin da ya karya masa gwiwa kuwa Maman 'Yan Biyu ce, wata mai ɗinki da mijinta ya rasu, tana zaune can kan hanyar Zango. Ta yi Lahadi biyu ba ta zo ba, sunanta kuwa yana fitowa. Zuciyar Baffa ta ƙi kwanciya. Ya tafi cikin yayyafi, babur ya zame da shi a taɓo, ya isa gidan kaca-kaca daga hula har takalmi. Ya tarar da ita garau a kan keken ɗinki, waya a gefe, tana gaggawar kayan biki. Aka ɗauki hotonsa a haka aka saka a zaure. Kowa ya dara, har da ni. Shi ma ya turo saƙo yana dariya, amma Inna ta ce ranar bai ci tuwon ba. Daga nan ya sa wa kansa doka: wanda sunansa ya fito a waya, ya zo. Zagayensa ya koma na tsofaffin da ba su da waya kawai.

Kowace damina Baffa da Inna sukan koma gona, a wata 'yar ruga kusa da garin Babban Mutum, inda yake noman gero da wake. Duk da haka ba ya fashin coci. Da sassafe zai hau babur ya taho Daura, ko ana ruwa. A daminar bara bai zo ba. Maimakon shi, sai sunansa ya fito a waya.

Zo ka ga murna a zaure. Wannan ya rubuta, "Baba ya tuba." Wancan ya ce, "Barka da shigowa zamani, Baba." Fasto ya ambace shi a kan bagadi, ya ce in Baba ya iya, ba wanda ke da uzuri. Lahadi ta biyo Lahadi, bencin bakin ƙofa ba kowa, sunan yana fitowa a kan lokaci, har yakan riga kowa shiga. Dogayen gaisuwarsa suka gajarce suka koma "Amin, na gode." Muka ce ya koyi tattalin data. Na kira shi, ya ce, "Uwata, sabis ba kyau a nan," ya kashe. Na yarda, don na san rugar.

Ashe numfashi ne babu. Ƙafafunsa sun kumbura, ƙirjinsa ya riƙe, ko zuwa bakin gona ba ya iyawa. Labarin mutuwarsa ma limamin rugar ne ya kira Fasto ya faɗa masa, daga asibitin da maƙwabtansa na rugar suka kai shi.

Bayan jama'a sun ragu, na zauna da Inna da hantsi tana tsintar wake. Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce liman kullum sai ya leƙo da safe. Mutanen rugar suka yi gayya suka nome masa gonar. Sukan tambaye shi ina mutanen cocinsu, ya ce, "Suna zuwa duk Lahadi, ta waya."

Ta ce, "Kada ki ce za ki tsani wayar nan. A kan ƙirji yake ɗora ta, bakinsa na bin waƙa, hawaye na gangara masa cikin kunne. Da ba don ita ba da kewar waƙa ta riga ciwon kashe shi. Ni kam na gode miki."

Sai ta ci gaba.

"Amma da an ce amin na ƙarshe zai ce in share gindin bishiya in shimfiɗa tabarmar baƙi, ko wani zai biyo. In shimfiɗa. Yana kwance yana sauraron hanya. In babur ya wuce sai ya ɗago kai. Can la'asar ya ce, naɗe, hadari ya taso, hanya ba kyau. Kullum sai ya nema muku uzuri."

Na ce, "Inna, me ya hana ki kira mu?"

"Ya hana ni. Na ce bari in sa a kira Fasto, ya ce shi bai taɓa jira a kira shi ba. Na ce masa wannan girman kai ne. Ya ce ƙila." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Ni ma da na ƙi jin maganarsa. To, ban ƙi ba."

Tun daga ranar nake juya abin. In na ce laifin waya ne, sai in tuna ta a kan ƙirjinsa. In na ce laifinmu ne, sai in tuna dokar da muka bi shi ma ya amince da ita, wanda sunansa ya fito ya zo. In na ce laifinsa ne da ya yi shiru, sai in ji kunya ta kama ni, don mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bin ƙofofinmu bai kamata sai ya roƙa ba. Na yi fushi da shi, na yi fushi da kaina, na rasa wanda zan riƙe. A wurin jana'iza Fasto ya kasa ƙarasa wa'azi. Ya ce, "Mutum ɗaya ne a cocin nan ke tambayar wa ya gani da ido. Da wurinsa ya zama wayam, ba wanda ya tambaya. Ni ma ban tambaya ba." Ya koma ya zauna.

Zaure ya kaure da gardama. Wasu suka ce a daina kafa waya a coci, kowa ya zo da ƙafarsa. Sai ga saƙon 'yar Nijar tana roƙo don Allah kada a rufe mata ƙofa. Wasu suka ce a kafa kwamitin ziyara, nan take aka buɗe wa kwamitin nasa zauren a waya. Har na bar Daura ba a tsayar da magana ba.

Lahadin farko bayan jana'iza na zauna a bencin Baffa. Ba don na ɗauki aikinsa ba, so nake in ga abin da yake gani. Ƙeyoyi kawai na gani. Na daɗe a Kano, ban san wa ke zama a ina ba, giɓi kuwa ga shi nan birjik. Ana cikin waƙa Inna ta taso daga ɓangaren mata ta zo ta zauna kusa da ni. Ta nuna min wani giɓi da haɓa. Ta ce, "Maman 'Yan Biyu."

Na zaro waya na duba. Ga sunanta, har ta rubuta amin. Na ce, "Tana kan layi, Inna." Kafin in rufe baki na ji abin da na faɗa. Inna ta dube ni kawai.

Da aka tashi muka tari babur biyu muka kama hanyar Zango. Muka tarar da ita lafiya lau a kan kekenta, kamar yadda Baffa ya taɓa tarar da ita. Na ji kunya, na fara neman abin da zan ce ya kawo mu. Sai na ga tabarma shimfiɗe a inuwar ƙofar ɗaki, an share wurin tsaf, ba kowa a kai.

Ta ga inda nake kallo. Ta tsayar da keken. Ta ce, "Lafiyata ƙalau, Inna, kunyar haɗa ido da ke ce ta hana ni zuwa. Ni na ɗauki hoton nan na Baba, ni na tura. Dariya kawai na yi nufi." Ta goge fuska da bakin zane. "Amma tun da maigidana ya rasu, shi ne mutum na farko da ya tako gidan nan ba ɗinki ya kawo ba. Daga ranar nakan ƙi zuwa coci da gangan, in kunna waya, in shimfiɗa tabarma, ko zai sake biyowa. Bai sake ba. Yau ma na san ba ya nan, hannuna ne ya saba."

Inna ta daɗe tana kallon tabarmar. Sannan ta cire takalmanta, ta dafa gwiwa ta zauna a kai. Ta ce, "To, ga mu. Kawo ruwa."

Waya tana ta motsi a cikin jakata, 'yan zaure suna turo amin na bayan sujada. Ban san ko in kashe ta ko in bar ta ba. Na bar ta tana yi, na cire nawa takalman na zauna kusa da Inna.

Baffa, Ubangiji ya ba ka hutu a wurinsa. Mun zo, sai dai mun makara.